Dalma da Zinariya: Sunayen Ƙarafa a Hausa da Tarihin Jadawalin Sinadarai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zaga kasuwar Bilbis ko ta Tsafe, ya tsaya wurin maƙera da 'yan koli, zai ji ana ambaton baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da azurfa da zinariya da dalma da zaiba da farar wuta. Waɗannan duka suna cikin abin da masana ke kira sinadarai na asali, wato waɗanda wuta ba ta iya rarraba su su koma wani abu daban. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bi diddigin yadda aka gano abin da ya bambanta su, sa'an nan a nuna dalilin da ya sa ya wajaba wannan ilmi ya zauna cikin harshen Hausa.

2.0 Sanin ido da iyakarsa

Magabata sun san ƙarafa ne ta launi da nauyi da saurin narkewa. Irin wannan sani ya wadatar da maƙeri, amma yana da iyaka. Alal misali, kalmar dalma ta haɗa ƙarafa biyu: baƙar dalma mai nauyi, da kuma farin ƙarfen da ake narkowa daga kuza, wanda saboda shi ne garin Ririwain Dalma na ƙasar Bauchi ya sami sunansa. Ba Hausawa kaɗai suka yi haka ba, domin Rumawan dā ma suna ɗaya suka ba su, suka bambanta su da fari da baƙi.

Haka kuma malaman alkimiyya na duniyar Musulunci, musamman a littattafan da ake jingina wa Jabir bn Hayyan, sun ɗauka cewa kowane ƙarfe haɗi ne na zaiba da farar wuta, saboda haka in an gyara haɗin, dalma tana iya komawa zinariya. Burin bai cika ba, amma daga sunan fannin nasu ne Hausa ta sami kalmar kimiyya.

3.0 Daga awo zuwa jadawali

A 1789 Antoine Lavoisier na Faransa ya fitar da jerin abubuwa 33 da ya ɗauka na asali ne. A 1808 John Dalton na Ingila ya bayyana cewa kowane sinadari yana da irin ƙwayar zarrarsa mai nauyi na musamman. A 1869 kuma Dmitri Mendeleev na Rasha ya jera sinadarai 63 da aka sani a lokacin bisa nauyin zarrarsu, sai ya ga halayensu suna maimaituwa, saboda haka ya tara masu kama da juna a gida ɗaya. Ya bar gurabe, ya kuma siffanta sinadaran da za su cike su. Da aka gano galiyam a 1875 da jamaniyam a 1886, aka tarar siffofinsu sun dace da abin da ya faɗa, sai masana suka sallama.

Sai dai Mendeleev bai san musabbabin wannan tsari ba. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktaron, wanda ya nuna ita kanta zarra tana da sassa. A 1909, a Manchester, Geiger da Marsden suka harba wasu ƙananan ƙwayoyi ga siririn fallen zinariya. Yawancinsu suka wuce, 'yan kaɗan suka dawo baya. Daga nan ne Ernest Rutherford ya tabbatar a 1911 cewa nauyin zarra yana tattare ne a wata 'yar cibiya. A 1913 Henry Moseley ya nuna cewa lambar cibiyar, wadda daga baya aka san adadin furoton ce, ita ke ƙayyade matsayin sinadari, ba nauyinsa ba. Jadawalin ya kai sinadarai 118 a 2016.

Da wannan ma'auni tsofaffin matsalolin nan biyu suka warware. Ƙarfen kuza lambarsa 50, dalma kuwa 82, amma gidansu ɗaya a jadawali, shi ya sa ido yake haɗa su. Zinariya 79 ce, zaiba 80. Furoton uku kacal ne tsakanin zinariya da dalma, amma babu maƙerar da wutarta ke kaiwa ga cibiyar zarra.

4.0 Darasin Zamfara

Kada a ɗauka wannan zance na ɗakin karatu ne kurum. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano ƙananan yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Duwatsun zinariyar da ake haƙowa ana niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma mai yawa, yara suna shaƙar ƙurar, suna kai ta baki. Jikin yaro yana karɓar dalma a gurbin kalsiyam, ita kuwa sai ta taɓa ƙwaƙwalwa. Yara kimanin 400 suka rasu. Tun da sinadari na asali ba ya ruɓewa, wuta kuma ba ta cinye shi, babu makawa sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Aikin Bagega bai samu ba sai a 2013. Hatta kwallin dutse da ake sa wa jarirai, galibi haɗin dalma ne da farar wuta.

5.0 Kammalawa

Mutanen da abin ya shafa sun san dalma sarai a matsayin ƙarfe, amma babu wanda ya gaya musu da harshensu cewa tana ɓoye cikin dutsen da bai yi kama da ita ba. Saboda haka shawararmu ga masu aikin ƙirƙirar kalmomi da malaman kimiyya na Gusau da kewaye ita ce, a fara da sunayen da Hausa take da su, a keɓe kalmar dalma ga lamba 82 kaɗai, a bar kuza ga lamba 50, sa'an nan a aro sauran. In an yi haka, ɗalibin Bilbis zai iya komawa gida ya yi wa mahaifiyarsa bayanin abin da ke cikin tandun kwallinta.