Saka hoto a cikin fayil ɗin CSS a Ruby on Rails

Saka hoto a cikin fayil ɗin CSS wata dabara ce ta masu gina shafukan yanar gizo, inda ake mayar da ƙaramin hoto ya koma rubutu, sannan a dasa rubutun a cikin fayil ɗin da ke tsara kamannin shafi. Ta haka burauza ba sai ta sake tuntuɓar uwar garke don karɓo hoton ba, domin ya riga ya iso tare da CSS ɗin. An fi amfani da ita ga ƙananan abubuwa kamar tambari, kibiya ko alamar bincike.

Asali

Dabarar ta dogara ne a kan adireshin da ake kira data URI, wanda Larry Masinter ya bayyana a takardar RFC 2397 a watan Agustan 1998. Adireshi na yau da kullum yana nuna inda fayil yake ne, shi kuwa wannan yana ɗauke da fayil ɗin kansa. Yana farawa da data:, sai nau'in fayil kamar image/png, sai ;base64, sai waƙafi, sai abin da ke cikin hoton.

Base64 hanya ce ta rubuta bayanan kwamfuta da alamomi 64: manya da ƙananan haruffan boko, lambobi 0 zuwa 9, da alamomin + da /. Sauya rubutu ne kawai, kamar mayar da ajami zuwa boko, abin da ke ciki bai canza ba. Sai dai kowane bayit 3 yana komawa haruffa 4, don haka hoton yana ƙara nauyi da kusan kashi 33 cikin 100.

Yadda ake yi a Rails

Rails 3.1, wanda ya fito a watan Agustan 2011, ya zo da tsarin sarrafa fayilolin hoto da CSS da JavaScript ta hanyar manhajar Sprockets. Idan sunan fayil ya ƙare da .css.erb, ana iya rubuta:

#logo { background: url(<%= asset_data_uri 'logo.png' %>) }

Masu amfani da Sass kuma suna da asset-data-url. A lokacin haɗa fayilolin kafin a ɗora manhajar, Sprockets yana karanta hoton, ya mayar da shi Base64, ya ajiye sakamakon a gurbin umarnin.

Amfani da matsaloli

A zamanin HTTP/1.1, yawancin burauzoji ba sa buɗe layi fiye da 6 a lokaci guda zuwa uwar garke ɗaya. Shafi mai ƙananan hotuna masu yawa sai ya zama suna bin layi, kuma jiran amsa yakan fi saukar da hoton kansa cin lokaci. Wannan jira ne dabarar ta kawar.

Matsalarta ta fi yadda masu koyo suke zato. Burauza ba ta nuna shafi sai ta gama karɓar CSS, saboda haka hoton da aka cusa ciki yana jinkirta shafin gaba ɗaya, ko da shafin bai buƙaci hoton ba. Haka kuma Sprockets yana liƙa wa sunan kowane fayil wata lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinsa. Idan aka gyara hoto ɗaya, ko aka canza launin rubutu ɗaya, lambar ta canza, dole mai ziyara ya sake saukar da CSS ɗin da duk hotunan da ke ciki. Ga mai sayen data da kuɗinsa, wannan asara ce. Matse fayil da gzip yana rage yawancin ƙarin nauyin Base64, amma ba ya magance sake saukarwar.

Internet Explorer 7 ba ta gane irin wannan adireshi sam, Internet Explorer 8 kuma ta tsaya a kilobayit 32.

Matsayinta a yanzu

HTTP/2, wanda aka fitar a 2015, yana aika fayiloli da yawa ta layi ɗaya, wanda hakan ya raunana babban dalilin dabarar. Wasu kayan aikin sun ci gaba da yin ta da kansu ga ƙananan fayiloli kaɗai: Vite yana saka wanda bai kai bayit 4096 ba, webpack 5 kuma wanda bai kai kilobayit 8 ba idan an zaɓi nau'in asset. Rails 8, na watan Nuwamban 2024, ya maye gurbin Sprockets da Propshaft a sababbin manhajoji, kuma Propshaft ba ya sarrafa fayilolin .css.erb.