Ƙofar Fada, Zaure da Yaɓe: Tarihin Gini a Ƙasar Magarya da Dungas

An saba a irin wannan littafi a jera sunayen sarakunan da suka gabata da shekarun da kowannensu ya yi bisa gado. Waɗannan shafuka kuwa na bango ne da azara da hannuwan da suka ɗora su, domin sarauta ba ta zama a fili. Sai an yi mata ƙofa da inuwa kafin talaka ya san inda zai kai kukansa.

Ƙasar da ake kira gundumar Magarya da gundumar Dungas, a kudancin jahar Damagaram, tushe biyu ne suka haɗu a cikinta. Ta gabas akwai daular Sosebaki, wadda ruwayar baka ta danganta asalin sarakunanta da Barno, kuma Dungas da Washa da Miriya duk rassanta ne. Ta yamma da kudu akwai jinin Daura. Sa'ad da mutanen jihadi suka karɓi birnin Daura a farkon ƙarni na 19, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, suka yi shekaru suna sauka suna tashi, har Yekuwa ta zama ɗaya daga cikin masaukansu. Daga baya gidan ya rabu, wani reshe a Zango, wani a Baure, wani a Magarya. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ikon Damagaram ya rufe yawancin waɗannan ƙasashe. Shi ne ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa a cikin shekarun 1850, kuma fadar da ke tsaye a unguwar Birni har yau ginin wannan ƙarni ce.

Wanda ya fito gudun hijira ba ya ɗaukar soro a ka. Abin da waɗannan gidajen sarauta suka yi ta yawo da shi daga masauki zuwa masauki shi ne tsarin gari, kuma duk inda suka kafa sabon zama sai su shimfiɗa shi kamar yadda suka baro shi. Fada a tsakiya, masallacin Juma'a kusa da ita, fili mai faɗi a gabanta, kasuwa can gefe, unguwannin maƙera da marina da mahauta kowace da wurinta, sannan ganuwa ko kafi ya kewaye duka. Filin nan na ƙofar fada shi ake kira dandali, kalmar da muka aro daga Barebari, domin a Kukawa ma babbar hanyar da ke kaiwa gidan Shehu haka sunanta yake. A mafi yawan tsofaffin fadodi ƙofa yamma take kallo. Masu fassara suna da dalilai iri-iri, amma magini zai ba ka nasa a taƙaice: hadari daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas shi ke fara cin duka. Baƙon da ya zo daga Daura ko Katsina ko Gumel, da ya shiga ƙofar gari ya san inda zai nufa ba tare da ɗan jagora ba. Talaka kuma ya san cewa a dandali ake hawan Salla, a nan ake naɗi, a nan sanƙira ke shelar haraji ko ta ɓatan yaro. Fili ne da ba na kowa ba, shi ya sa ya zama na kowa.

Dole a faɗi gaskiya cewa ƙasarmu jigawa ce. Yashi ya fi yumɓu yawa, kuma ƙasar gini ba ta samuwa sai a bakin tabki da kwari da fadamun Korama. Saboda haka yawancin gidajen ƙauye tun asali na kara ne da zana da jinka, soro kuwa na sarki ne da malami da attajiri. Kada wanda ya girma a ɗakin siminti ya raina jinka. Ana haɗa ta a ƙasa, a ɗaure tanka, a baibaye da shuci, sannan a kira maƙwabta su kewaye ta su ɗaga gaba ɗaya su ɗora bisa bango. Daga nan Bahaushe ya samo maganarsa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin ta zama karin magana, bayanin aiki ce kawai. Haka rumbu: shi ma hularsa sai an taru, kuma mutumin da ya ɓata da unguwa tun rani zai gane kurensa ranar da ya tashi rufe hatsinsa.

Ginin soro ya fi wannan neman hannu. A haƙo ƙasa a kududdufi, a kwaɓa ta da ruwa da ramno, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake tattakewa. A mulmula tubali ɗaya bayan ɗaya, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Magini yana zaune bisa bango kamar mai hawan doki, ana jefa masa tubali da curin ƙasa daga ƙasa yana cafewa. Rufi kuwa na azara ne, wadda ake tsagawa daga giginya domin gara ba ta cika cin ta ba. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, kuma wannan ƙarancin ne ya haifi gwanintar maginan Hausa. Suka koyi jera azara daki-daki tana fitowa daga bango, suna ɗaurewa suna lulluɓewa da ƙasa, har ɓangare biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna sai a sami ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Da wannan dabara Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da ita kuma aka rufe manyan zaurukan fadar Daura. Bayan rufi sai indararo domin zubar ruwa, da zankwaye a kusurwoyi, da shafen makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Mai karatu ya duba yawan mutanen da soro ɗaya ya taɓa: mai saran giginya, mai jaki, ƴan ga-ruwa, marini, majemi, maƙerin da ya ƙera ƙyaure. Sana'ar gado ce, tana da shugabanta, Sarkin Magina, wanda rawaninsa daga fada yake fitowa.

Duk cikin ɗakunan Bahaushe babu wanda ya yi wa zaman jama'a hidima kamar zaure. Shi ne iyaka tsakanin titi da cikin gida, amma iyaka ce mai tabarma. Ƙofarsa ta waje da ta ciki ba sa fuskantar juna, domin idon mai wucewa kada ya faɗa tsakar gida. Wannan ƴar karkata ita ta ba maigida damar barin ƙofarsa a buɗe tun asuba har dare ba tare da ya keta sirrin iyalinsa ba. A zaure maza ke haɗa akussa su ci tuwon dare, kowane gida ya fito da nasa, ta haka ake gane gidan da bai ɗora tukunya ba tun kafin mai shi ya buɗe baki, a rufa masa asiri ba tare da ya roƙa ba. A nan ake ɗaura aure, a nan ake raɗa suna, a nan ake zaman makoki. Malami a zaurensa yake biya wa manya littattafai, almajirai kuma suna kwana a ciki. Masaƙi da baduku da maɗinki a nan suke sana'a suna hira. Fatake da suka yi dare a hanyar Kano ko ta Barno ba sa neman izinin kwana a zaure; sallama ce kuɗin ɗakinsu.

Zauren fada kuma shi ne uban zauruka. Mai ƙara yana tuɓe takalmi a waje, ya bi zaure ya shiga wani zaure, kowane da dogarinsa da mai gabatarwa, kuma sau da yawa kafin ya isa gaban Sarki zuciyarsa ta huce, ko wani dattijo ya tare maganar a hanya ya kashe ta. Rikicin gona da na burtali tsakanin manomi da makiyayi, da na gado, da na aure, da yawansu a soron farko suke ƙarewa. A ganina magabata da gangan suka tsawaita wannan tafiya.

Ginin ƙasa yana da aibi ɗaya da kowa ya sani: ba ya haƙuri da sakaci. Damina ɗaya ta wuce ba a duba indararo ba, sai rufi ya fara yoyo. Biyu suka wuce, sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Don haka kowace shekara bayan kaka, idan an ɗaure dawa an cire gyaɗa, sai a yi gayyar yaɓe. Kowace unguwa da kowane ƙauye da yankinsa na ganuwa ko na katangar fada ko na masallaci. Makaɗa suna kiɗa, mata suna jan ruwa suna dama fura, samari suna gasar wanda zai riga gamawa. Ba za mu ɓoye ba cewa a wani zamani aikin nan da tilas a cikinsa, kuma bayi da talakawa su suka fi ɗanɗana nauyinsa. Duk da haka, mutumin da tafin hannunsa ke kwance a bangon masallaci ba ya jin kansa baƙo a garin. Aibin ginin shi ne ya riƙa tara mutane sau ɗaya a shekara, ko suna shiri ko ba sa shiri.

Zuwan Turawa ya sauya abubuwa da dama. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi kuma suka mayar da Malam Musa na gidan Zango bisa gadon Daura a 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Tilho da O'Shee ya bi daji yana kafa alamun iyaka, aka wayi gari Magarya tana hannun Faransa, Zango da Baure suna hannun Ingila, ɗaki ɗaya an raba shi da layi. Da yaƙi ya ƙare ganuwa ta rasa aikinta, aka bar ta tana zaizayewa, mutane suka bazu suka kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninta a Nijar. Motocin da suka kai gyaɗa kudu su suka dawo da kwano da siminti da ƙusa. Iyaka dai ba ta hana magini ƙetarewa ba, kamar yadda ba ta hana mutanen Dungas cin kasuwar Maigatari ba. Gayya ma ba ta mutu nan take ba: a zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun yi ta buga tubali suna gina azuzuwa da masallatai da ƙarfin jama'a.

Ƙidayar 2012 ta nuna mutanen Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, sun haura 900,000. Fili ya yi tsada, giginya ta yi wuya, kuma ba wanda zai ga laifin magidancin da ya gaji da yaɓe ya sayi bulo da kwano. Abin da ya kamata a yi wa kuka shi ne zaure. Sabon gida yanzu katanga ce doguwa da ƙofar ƙarfe, inda zaure zai zauna an mayar da shi shago ko wurin ajiye mota. Baƙo yana tsaye a rana yana buga ƙarfe, tuwon dare kowa yana ci a ɗakinsa. Siminti bai hana a yi zaure ba. Mai gida ne ya daina tambayarsa, birkila kuma ya daina tuna masa.

Ƙasa ma ba ta gaza ba. A Yama, cikin jahar Tawa, magini Falke Barmu ya fara ginin masallacin ƙasa a 1962 da taimakon mutanen gari, kowa da abin da ya kawo, kuma a 1986 ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan. A Dandaji, a jahar guda, an gyara tsohon masallacin ƙasa aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka tsara aikin, aka gama a 2018. Tun wajen 1980 ake koya wa magina a Nijar rufin tulluwa na tubali zalla, wanda ba ya bukatar azara ko ɗaya. Tsohon Birnin Damagaram da fadarsa kuma tun 2006 suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. A nan gida, manoman Magarya da Matamai da Miriya sun mayar da gawo cikin gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980, ta hanyar barin tsiron da ya fito da kansa, har masana daga ƙasashen waje suna zuwa gani. Giginya ta fi gawo jinkirin girma: wanda ya shuka ƙodagonta bana, jikansa ne zai tsaga azara.