Tarihin Zuhudun Benedik: Addu'a, Aiki da Zaman Jama'a a Cocin Katolika

Zuhudun Benedik tsari ne na rayuwar ibada a Cocin Katolika, inda maza ko mata suke haƙura da aure da tara dukiya, su zauna a gida ɗaya ƙarƙashin shugaba ɗaya, suna raba yininsu tsakanin addu'a, karatu da aikin hannu. Tsarin ya ci sunan Waliyyi Benedik, mutumin Italiya da ya rubuta wa almajiransa ɗan littafin ƙa'ida a ƙarni na shida. Kusan shekara 1,500 ke nan ana rayuwa bisa wannan littafi. An ƙone gidajen mabiyansa, an kore su, an ƙwace gonakinsu, amma duk inda mutum goma suka taru da littafin a hannu sai rayuwar ta sake tsayuwa. Abin da ya ba shi wannan tsawon rai shi ne yadda ya ɗaure addu'a da hidimar yau da kullum, bai bari ɗaya ta cinye ɗaya ba.

Tushensa a Masar

Zaman zuhudu na Kirista a Afirka ya fara ƙarfi. Antoni na Masar, wanda ya rasu a 356, ya rabar da dukiyarsa ya shige hamada shi kaɗai, mutane da yawa kuma suka bi sawunsa. Wajen shekarar 320 wani tsohon soja mai suna Pakomiyus ya tara masu zuhudu a Tabennisi, a bakin kogin Nilu, ya tsara musu zaman tare: cin abinci tare, sujada tare, saƙar tabarma da kwanduna tare. Yohanna Kassiyan, wanda ya daɗe a cikin mutanen hamadar, shi ya kai koyarwarsu kudancin Faransa a farkon ƙarni na biyar. Daga rubuce-rubucensa, da na Basil na Kaisariya, da wata tsohuwar ƙa'ida mai tsauri ta wani malami da ake kira Jagora, Benedik ya ɗebi abin da ya gina nasa tsarin.

Rayuwar Benedik

An haifi Benedik wajen 480 a Nursiya, cikin tsaunukan tsakiyar Italiya, 'yan shekaru bayan faɗuwar daular Rum ta yamma. Labarin rayuwarsa ya zo ne ta hannun Fafaroma Giregori Babba, wanda ya rubuta shi wajen 593. An tura Benedik karatu birnin Rum, lalacewar tarbiyyar da ya gani ta sa ya bar makaranta, ya shiga wani kogo a Subiaco ya yi shekara uku, wani mai zuhudu mai suna Romanus yana zuro masa gurasa da igiya. Da sunansa ya fita, almajirai suka taru, ya kafa ƙananan gidaje goma sha biyu a kwarin. Hassadar wani limamin coci na yankin ta sa ya ƙaura wajen 529 zuwa kan dutsen Monte Cassino, tsakanin Rum da Naples. A nan ya rubuta Ƙa'idarsa, a nan kuma ya rasu wajen 547. 'Yar'uwarsa Skolastika ita mata masu bin wannan hanya suke ɗauka uwa.

Abin da Ƙa'idar ta ƙunsa

Littafin gabatarwa ce da babi 73. Mai son shiga ba a karɓarsa da gaggawa. Yakan yi shekara guda ana gwada shi, a karanta masa Ƙa'idar sau uku, kowane karo a ba shi damar tafiya idan ya ga ba zai iya ba. In ya tsaya, sai ya ɗauki alkawari uku: biyayya, gyaran hali har ƙarshen rai, da zama daram a gidan da ya shiga. Wannan na ukun shi ya bambanta Benedik da masu yawon zuhudu na zamaninsa, waɗanda yake ganin gudun horo suke yi. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa; a wurin Benedik, haƙuri da ɗan'uwan da ba kai ka zaɓe shi ba, shekara da shekaru, shi ne makarantar da ake koyon ƙaunar Allah.

Addu'ar jama'a ita ce ginshiƙin yini. 'Yan'uwa sukan tashi cikin dare su yi sujada, sannan su sake taruwa sau bakwai daga asuba zuwa lokacin kwanciya, har su rera Zabura 150 duka a cikin mako ɗaya. Da an buga ƙararrawa, kowa yakan ajiye abin da ke hannunsa. Bayan wannan akwai sa'o'in karatun Littafi Mai Tsarki a natse, ana maimaita aya a hankali har ta zauna a zuci ta koma addu'a. Sauran yinin na aiki ne: gona, madafa, ɗinki, gini. Girki ana yin sa ne bi da bi kowane mako, ba a ɗauke wa kowa sai mara lafiya ko wanda wata hidimar ta riƙe. An umurci ma'ajin gida ya kula da fartanya da tukunya kamar yadda ake kula da kayan bagade, domin a wannan tsari aiki ma ibada ne.

Hidimar mutane tana da babban gurbi. Jinyar mara lafiya an sa ta gaba da kome. Baƙo kuwa a karɓe shi kamar Almasihu ne ya zo, musamman talaka da matafiyi, shi ya sa ake ajiye dattijo mai hankali a bakin ƙofa. Shugaban gida, wanda suke kira Uba, 'yan'uwa ne ke zaɓensa, kuma idan babbar magana ta taso dole ya tara kowa ya ji shawara, har ta ƙaramin cikinsu. Girma a gidan yana bin ranar shigar mutum, ɗan sarauta ne ko bawa. Ga kuma sassauci: abinci iri biyu a kowane ci, domin wanda bai iya cin wannan ba ya ci wancan, an hana naman dabba mai ƙafa huɗu, amma an halatta wa marasa lafiya, an yi wa tsofaffi da yara rangwame. Benedik ya tsara rayuwar da mai ƙarfi zai samu abin nema a cikinta, mai rauni kuma ba zai gudu ba.

Yaɗuwa a Turai

Lombardawa sun rushe Monte Cassino kafin ƙarshen ƙarni na shida, sai a wajen 718 aka sake raya shi. A tsakanin nan kwafe-kwafen Ƙa'idar sun bazu zuwa Faransa da Ingila. Boniface, mai zuhudu daga Ingila, ya kai ta ƙasar Jamus, inda aka kafa gidan Fulda a 744. A tarukan Aachen na 816 da 817, ƙarƙashin Sarki Luwis ɗan Shalman, aka mai da ita dokar gidajen zuhudu na daularsa baki ɗaya. A ƙarnukan da makarantu suka yi ƙaranci, waɗannan gidaje ne suka riƙa kwafe littattafai da hannu, na addini da na tsoffin marubutan Latin, suna koyar da yara, suna ciyar da mabarata. Mata ma sun yi fice: Hildegard ta Bingen, wadda ta rayu daga 1098 zuwa 1179, ta shugabanci gidanta, ta tsara waƙoƙin ibada, ta yi rubutu kan tsirrai da magani.

Cluny da Cîteaux

Arziki da katsalandan na sarakuna sun sha raunana gidajen, kowane gyara kuma komawa ne ga daidaiton farko. A 910 aka kafa Cluny a yankin Burgundy na Faransa, aka sa shi ƙarƙashin Fafaroma kai tsaye domin kada wani basarake ya naɗa masa shugaba. Ɗaruruwan gidaje suka shiga ƙarƙashinsa, cocinsa ya zama mafi girma a yammacin Turai na tsawon ƙarnuka, kuma daga can al'adar yi wa matattu addu'a ranar 2 ga Nuwamba ta yaɗu. Sai dai sujada ta yi ta tsawo har aikin hannu ya kusa ɓacewa.

Saboda haka a 1098 Robert na Molesme da abokansa suka koma wani daji mai fadama a Cîteaux domin su ci daga guminsu. Sun rage ƙawa a coci, sun sa tufafin ulu marar rini, sun koma gona. Bernard, wanda ya kafa Clairvaux a 1115, shi ya sa wannan reshe ya mamaye Turai. Daga cikinsa ne gyaran La Trappe na 1664 ya fito, mai tsananta shiru da azumi.

Rushewa da farfaɗowa

Tsakanin 1536 da 1540 Sarki Henri na Takwas ya rufe dukan gidajen zuhudu na Ingila ya ƙwace filayensu. Juyin juya halin Faransa ya haramta alkawarin zuhudu a 1790, aka sayar da Cluny, aka riƙa farfasa ginin ana kwasar duwatsunsa. A 1833 wani matashin fada, Prosper Guéranger, ya sake buɗe tsohon gidan Solesmes, wanda ya zama cibiyar farfaɗo da tsohuwar rerawar coci ta Giregori. Boniface Wimmer ya kai tsarin Amurka a 1846. A 1893 Fafaroma Liyo na Goma Sha Uku ya haɗa gidajen cikin tarayya ɗaya mai cibiya a Sant'Anselmo a Rum, kowane gida yana riƙe da 'yancinsa. Monte Cassino kansa jiragen ƙawance sun ragargaza shi a Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 15 ga Fabrairu 1944, aka sake gina shi, Fafaroma Bulus na Shida ya keɓe shi a 1964, ya kuma ayyana Benedik waliyyin Turai.

Komawa Afirka

Masu zuhudun St. Ottilien na Jamus sun isa Tanzaniya ta yau a ƙarshen ƙarni na 19, suka kafa Peramiho da Ndanda, waɗanda suka shahara da asibitoci da makarantun sana'a. A Senegal, 'yan'uwa daga Solesmes sun buɗe Keur Moussa a 1963, suka shigar da kora, molon Mandinkawa mai tsirkiya 21, cikin rera Zabura, har suka zama masu ƙera ta. A Nijeriya, gidan Ewu da ke Jihar Edo an kafa shi a 1979 daga Glenstal na ƙasar Ailan, kuma an san shi da haɗa magungunan itatuwa. Tun kafin nan, Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan ƙasar Ibo, ya shiga gidan Mount Saint Bernard a Ingila a 1950, ya rasu a 1964. Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka a ziyararsa ta Nijeriya a Maris 1998.

A Tibhirine, cikin tsaunukan Aljeriya, 'yan La Trappe sun zauna tsakanin maƙwabta Musulmi tun 1938, suna noma tare, ɗan'uwa Luc kuma, wanda likita ne, ya shafe kusan shekara hamsin yana duba marasa lafiyar ƙauyen. Da yaƙin basasar ƙasar ya yi tsanani an ba su shawarar ficewa, suka zaɓi zama da mutanen da suka rayu tare. A Maris 1996 aka sace bakwai daga cikinsu, aka kashe su. An ayyana su Masu Albarka a birnin Oran ranar 8 ga Disamba 2018.

Matsayinsa a yau

A Turai da Amurka masu shiga sun ragu, wasu tsoffin gidaje sun rufe, yayin da na Afirka da Asiya suke samun matasa. Akwai kuma magidanta, maza da mata, da ke ɗaura alaƙa da wani gida suna bin ruhin Ƙa'idar a cikin iyalansu da wuraren aikinsu. Gidajen suna ciyar da kansu da noma, kiwo, makarantu, ɗab'i da saukar baƙi masu neman 'yan kwanakin natsuwa. Tarihin nan mai tsawo ya nuna cewa duk lokacin da addu'a ta rabu da aiki, ko dukiya ta danne su duka biyun, gidan yakan yi rauni, kuma masu gyara ba su taɓa buƙatar sabuwar doka ba: tsohon littafin suke buɗewa su sake bin sa da gaske.