Maimaituwar cin zarafi a kan matan da aka zalunta tun suna yara

Maimaituwar cin zarafi ita ce a sake yi wa mace fyaɗe ko duka bayan ta girma, alhali an taɓa yin lalata da ita tana ƙarama. Diana Russell, masaniyar zamantakewa da ta yi hira da mata 930 a San Faransisko ta Amurka, tana cikin waɗanda suka fara fito da alaƙar fili, a littafinta na 1986. Binciken da ya biyo baya ya nuna haɗarin kan ninka sau biyu zuwa uku.

A 1985 David Finkelhor da Angela Browne suka bayyana raunuka huɗu da yarinya ke tashi da su: gurɓacewar fahimtar jima'i, cin amana, jin rashin ƙarfi, da tabon kunya. Yarinyar da kawunta ya ɓata, uwarta kuma ta ce ta rufa asirin gida, ta koyi cewa kuka ba ya kawo ceto. In ta girma wani ya rutsa da ita a ɗaki, jikinta kan sandare, murya ta maƙale. Wata kan koma shaye-shaye don ta samu barci.

Laifin na mai cin zarafin ne, domin mugu da gangan yake neman wadda ba ta da mai tsaya mata. Yarda da maganar yarinya da haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa da wuri suna sauƙaƙa raunin.