Ganyen Darbejiya da Ƙurar Azurfa

A shekarar 1998 Paul Anastas da John Warner suka wallafa littafin da ya shimfiɗa ƙa'idoji 12 na harhaɗa sinadarai ba tare da cutar da muhalli ba, tafarkin da suka yi wa laƙabi da "kore". Ba a daɗe ba masu binciken ƙwayoyin nano suka ɗauki laƙabin. Ƙwayar nano ita ce ɓurɓushin da bai wuce nanomita 100 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

A 2004 wasu masana a birnin Pune na Indiya suka nuna cewa ruwan dafaffen ganyen darbejiya, bishiyar da ta zo mana daga can, yana iya mayar da narkakken gishirin azurfa ya zama irin waɗannan ƙwayoyi. A da, da sinadarai masu haɗari ake yawan yin wannan aiki, don haka ci gaban na gaske ne. Daga nan sai rahotanni suka yi ta kwarara, kowa da ganyensa, kowa kuma yana kiran abin da ya samar mai kare muhalli.

A nan nake ganin an yi gaggawa. Ganyen ya maye gurbin wasu sinadarai ne kawai. Azurfar har yanzu haƙo ta ake yi, a narkar da ita da ruwan asid kafin ta iso ɗakin gwaji. Ƙwayar da aka samar kuma ba ruwanta da wanda ya haife ta: kashe ƙwayoyin cuta take yi, don haka ma ake sa ta a tufafi, kuma ba ta bambance masu cutarwa da masu amfani a ruwa da ƙasa.

A 2008 Troy Benn da Paul Westerhoff, a Arizona ta Amurka, suka wanke safa masu ɗauke da ita. Wasu sun zubar da kusan dukkan azurfarsu cikin wanki kaɗan. Gaskiya ne a matatun ruwan datti yawancinta kan haɗu da farar wuta, dafinta ya ragu, ta kwanta cikin laka. Amma wannan sassauci na garin da ke da matata ne. Inda ruwan wanki ke bin kwata ya faɗa rafi, babu wanda zai tare ta.