Shirin ba da aron makamai na Lend-Lease

A ranar 11 ga watan Maris na shekarar 1941 ne shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya sanya hannu kan dokar Lend-Lease, wadda ta ba shi ikon bai wa duk ƙasar da tsaronta ke da muhimmanci ga Amurka aro ko hayar kayan yaƙi.

A lokacin Amurka ba ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ba, ita kuwa Birtaniya kuɗinta sun kusa ƙarewa, domin a da sai ta biya lakadan kafin ta ɗauki makamai.

Kafin a rufe shirin a 1945, Amurka ta aika da kayan da kuɗinsu ya kai kimanin dala biliyan 50. Birtaniya ta samu na kusan biliyan 31, Tarayyar Soviet kuma kusan biliyan 11. Ban da jiragen sama da tankokin yaƙi, kayan sun haɗa da manyan motoci da man fetur da abinci.

Wasu daga cikin jiragen da aka kai wa dakarun Birtaniya a Masar ta Afirka ta Yamma suka bi, suna yada zango a Kano da Maiduguri kafin su wuce Khartoum.

Sai dai taimakon ya zo da sharaɗi. A yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a watan Fabrairun 1942, Birtaniya ta amince da sassauta fifikon cinikin da take bai wa ƙasashen daularta bayan yaƙi, abin da Amurka ta daɗe tana nema.

Yaƙi na ƙarewa shugaba Harry Truman ya dakatar da shirin ba zato ba tsammani. Dole Birtaniya ta ci bashin dala biliyan 3.75 daga Amurka, ta kuma sayi sauran kayan da ke hannunta a farashi mai rahusa. Sai a watan Disambar 2006 ta kammala biya.

A 2022 shugaba Joe Biden ya sanya hannu kan wata doka mai irin wannan suna domin Ukraine, amma wa'adinta ya ƙare a watan Satumbar 2023 ba tare da an yi amfani da ita ba, saboda an tura wa ƙasar makamai ta wasu hanyoyin.