Sulhun Da Ya Fara Daga Unguwa: Darasi Daga Kaduna

Ƙasar Zuru ta yi suna wajen haifar sojoji, kuma muna alfahari da jaruntakar kakanninmu. Amma a shekarun nan mun sha binne mutanenmu a Danko-Wasagu da Sakaba. A watan Maris 2022 'yan bindiga sun kashe 'yan sa kai fiye da 60 a kwanton ɓauna guda. Matasan ikkilisiya suna tambayarmu ko lokacin ramuwa bai yi ba. Kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da ya faru da waɗanda suka riga mu bin wannan hanya.

A watan Mayu 1992 rikicin Zangon Kataf ya bazu zuwa birnin Kaduna. James Wuye, jagoran matasan Kirista, ya rasa hannunsa na dama a faɗan. Muhammad Ashafa, jagoran matasan Musulmi, ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. Kowannensu ya ƙudura ramuwa a zuciya. A 1995 wani ɗan jarida da ya san su duka ya haɗa su a wurin wani taro, daga nan suka kafa dandalin tattaunawa da ya zama Interfaith Mediation Centre.

Gafarar ba ta zo a rana ɗaya ba. Wuye da bakinsa ya faɗa cewa ya yi kusan shekara uku suna tafiya tare, amma tunanin kashe Ashafa bai bar shi ba. Abin da ya sassauta shi har da ziyarar da Ashafa ya kai wa mahaifiyarsa lokacin da take kwance a asibiti, da gargaɗin wani mai bishara cewa ba a yi wa mutum wa'azin Almasihu alhali ana ƙin sa. Shi kuma Ashafa, huɗubar Juma'a a kan yafiya ce ta juya shi. Kowa daga cikin addininsa ya sami dalilin ajiye makami, babu wanda ya bar bangaskiyarsa.

Bayan rikicin shari'a na Fabrairu 2000, sun bi shugabannin addini ɗaya bayan ɗaya. Ranar 22 ga Agusta 2002, shugabanni 22, rabi Kirista rabi Musulmi, suka sa hannu a kan Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kaduna, a zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. A nan ne taimakon waje ya shigo. An ɗauki fasalin takardar daga wadda aka ƙulla a Iskandariya ta Masar a Janairun wannan shekara, tare da goyon bayan cibiyar sulhu ta babbar majami'ar Coventry a Ingila. Wannan majami'a bama-baman Jamus sun rushe ta a Nuwamba 1940, masu bi na wurin kuwa suka zaɓi hidimar sulhu maimakon ramuwa.

Wata uku kacal bayan sa hannun, rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka fiye da 200 a Kaduna. Takarda kaɗai ba ta hana zub da jini. Duk da haka ba su daina ba. Bayan kashe-kashen Yelwan Shendam na 2004, da suka kai ga dokar ta-ɓaci a Jihar Filato, sun zauna da ɓangarorin har aka ƙulla sulhu a Fabrairu 2005. A 2008 kuma aka gayyace su Kenya bayan rikicin zaɓe, suka yi aiki a garin Burnt Forest. Waɗanda aka taimaka wa daga waje, sai ga su suna kai taimako waje.

Matsalarmu a Zuru ta bambanta da ta Kaduna. 'Yan bindiga ba sa tambayar addini kafin su ƙone ƙauye, kuma tsare rayuka hakki ne a wuyan hukuma (Romawa 13). Amma haɗarin iri ɗaya ne: idan fushi ya rasa mai laifi, yakan faɗa wa maƙwabcin da ke kusa, ko makiyayin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu da a gida ɗaya ake samun Kirista da Musulmi da mai bin al'adar gargajiya, muna da jarin da Kaduna ta sha wuya kafin ta samu.

Abokan waje sun ba da fasali da goyon baya, amma mutanen unguwa ne suka je gaisuwar asibiti da ta'aziyya. Hidimar sulhu da Manzo Bulus ya ambata a 2 Korantiyawa 5 an damƙa ta a hannunmu ne. Sai kowane fasto ya tambayi kansa: limamin garin da nake hidima ya san ƙofar gidana, ni kuma na san tasa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu ƙulla wannan zumunci tun ƙura ba ta tashi ba.